Ƙa'idar Debian kan tsofaffin kwamfutoci: wa ake ci gaba da ɗauka, wa ake sauke wa?

Ranar 9 ga Agusta 2025 Debian, babbar manhajar gudanar da kwamfuta ta kyauta da aka gina kan Linux, ta fitar da sigarta ta 13, mai suna trixie. Duk mai tsohuwar kwamfuta mai bit 32, irin ƙananan laftof ɗin nan masu Intel Atom na farko-farko, ya tarar babu hanyar girka sabuwar sigar a kanta. An daina yi wa nau'in i386, wato sunan da Debian ke kiran irin waɗannan kwamfutoci masu bit 32, manhajar girkawa da kanel (zuciyar manhajar da ke sarrafa sassan na'ura). Abin da aka bari kawai shi ne damar gudanar da tsofaffin manhajoji masu bit 32 a kan kwamfuta mai bit 64.

Mutane da yawa sun ɗauka tsufa ne ya jawo haka. A ƙa'idar Debian shekarun na'ura ba sa cikin abin da ake dubawa. Kafin kowace sabuwar siga, kwamitin da ke kula da fitar da sigogin Debian yana sake tantance kowane nau'in na'ura. Yana tambaya ko akwai mutanen da suka ɗauki alkawarin kula da shi, waɗanda in manhaja ta lalace a kansa za su zauna su gyara. Yana duba ko akwai injunan da ke harhaɗa manhajoji dominsa ba tare da sun faɗi baya ba, kuma ko an iya harhaɗa aƙalla kashi 98 cikin ɗari na rumbun manhajojin. Sannan ko masu kanel da GCC (manhajar da ake harhaɗa sauran manhajoji da ita) da sauran kayan tushe suna goyon bayansa har yanzu, domin in su sun saki, Debian ba za ta iya riƙe shi ita kaɗai ba.

Sharaɗin masu kula shi ne ginshiƙin. Akasarin masu aikin Debian 'yan sa-kai ne. In aka gano ɓaraka ta tsaro, sai an gyara ta a kowane nau'i, kuma nau'i ɗaya da ya maƙale yana iya tsayar da kowa. Shi ya sa a wannan sigar dai aka karɓi wani sabon nau'in na'ura mai suna riscv64, domin yana da masu tsaya masa.

Ni ina ganin ƙa'idar ta yi adalci, amma raɗaɗinta ba ya sauka daidai. Wanda ke amfani da laftof mai shekara goma sha biyar, batirinta ya mutu sai an jona ta da wuta, galibi ba shi ne mai lokaci ko ƙwarewar zama mai kula ba. Muryarsa ba ta kaiwa inda ake yanke hukunci.

Wanda abin ya shafa ya fara duba ko na'urarsa mai bit 32 ce da gaske, domin ƙwaƙwalwar kwamfuta ta Intel Core 2 Duo da ta fito tun 2006 ma mai bit 64 ce, sau da yawa tsohuwar manhajar da ke kan na'urar ce kawai mai bit 32. In kuwa na'urar bit 32 ce ta gaske, Debian 12 tana samun gyaran tsaro na dogon zango har zuwa Yunin 2028.