Gobarar daji ba ta tsayawa a bakin rafi

An daɗe ana ɗauka cewa idan daji ya kama da wuta, kifi ne kaɗai hankalinsa kwance, tunda wuta ba ta cin ruwa. Ba haka abin yake ba.

A 2012 tsawa ta tayar da gobarar Whitewater-Baldy a dajin Gila da ke jihar New Mexico a Amurka, ta lashe fili sama da murabba'in kilomita 1,000. A rafukan duwatsun dajin nan wani kifin ruwan sanyi da ake kira tarawut na Gila yake rayuwa, shi da dama ya kusa ƙarewa. Tun wutar ba ta mutu ba ma'aikata suka kwashe wasu da jirgi mai saukar ungulu zuwa gidan kiwon kifi na garin Mora da ke jihar. Damina suke gudu. Ruwan farko kan wanko toka da laka daga gangaren da ya ƙone, rafi ya koma kamar kunu, numfashin kifi ya toshe, tsakuwar da yake zuba ƙwai a kai ta binne. Ga inuwa ta tafi, ruwa ya ɗau ɗumi, shi kuwa sai ruwan sanyi.

Shi ya sa masu gyaran rafi ke dasa itatuwa a gaɓa, su bar gungumen da suka faɗo ciki, don a gindinsu ruwa ke haƙa gurbi mai zurfi inda kifi ke fakewa.