Me ake nufi da "OG" a bakin 'yan hip-hop?

Wata rana da la'asar ina zaune a ƙofar wani situdiyo a Kano, sai ga wani magidanci ya tsaya da babur. Kaftani ne a jikinsa, hula ta ɗan kwanta gefe, furfura ta fara tsattsafowa a gemu. Yaran da ke jiran layin ɗaukar murya suka miƙe kusan a tare. "OG! Barka da zuwa, OG." Wani ya karɓi makullin babur, wani ya sakar masa kujera. Bayan ya shige ciki na tambayi ɗaya daga cikinsu, wanda bai fi shekara goma sha tara ba, wace waƙar mutumin ya fi so. Ya sosa ƙeya. "Wallahi, Yaya, ban taɓa jin waƙarsa ba. Amma ai OG ne."

Haruffa biyu ne na Turanci, ana furta su "o-ji". Gajarta ce ta Original Gangster, wato ɗan daba na asali. Kalmar ta fito ne daga gungun 'yan daban birnin Los Angeles na Amurka, inda ake kiran wanda aka kafa gungu da shi, ko wanda ya daɗe a ciki har ya ga jiya ya ga yau, da wannan suna. Mawaƙan gambarar zamani na can suka ɗauke ta daga titi suka shigar da ita waƙa, kuma faifan da Ice-T ya fitar a 1991 mai ɗauke da wannan suna ya taimaka ƙwarai wajen yaɗa ta. Da tafiya ta yi nisa sai dabar ta zube a hanya, girman ya saura. Yau OG na nufin wanda ya riga kowa shiga wata harka, ya sha wahalarta tun ba ta da riba, na baya kuma suka yarda shi ne ya share musu hanya.

A nan gida da yawa sun ɗauka "oga" ce aka gutsure. Ba ita ba ce, oga daga Yarabanci muka aro ta. Sai dai kuskuren bai yi nisa da gaskiya ba, kuma ina ganin shi ya sa kalmar ta zauna daram a bakin Bahaushe. Bambancin shi ne, oga yana da abin ba ka ko abin hana ka. OG kuwa sau da yawa ba shi da ko sisi, sunan ne kawai ya rage masa.

Akwai 'yan uwanta biyu da ake yawan cakuɗa su da ita. Lejan shi ne wanda aikinsa ya yi fice har ya wuce zamaninsa. GOAT, gajartar Greatest of All Time, wadda masu gardamar Messi da Ronaldo suka mayar "akuya" don tsokana, ita ce wanda ake ganin ba a taɓa yin kamarsa ba. Waɗannan biyun maganar gwaninta suke yi. OG maganar rigaye take yi. Mutum zai iya zama OG ko da waƙarsa ba ta taɓa ƙetare unguwarsu ba, kuma yaron da ya shigo jiya zai iya fin sa iya jera baiti nesa ba kusa ba. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, ko da kai ka fi shi iya gudu.

Shekaru kaɗai kuma ba sa ba da ita. Ɗan shekara arba'in da biyar da ya fara shiga situdiyo bara sabon shiga ne. Sannan ba a naɗa kai. Wannan shi ne wurin da abin ke da ɗan ban dariya, domin hip-hop waƙar kirari ce da taƙama, kowa sarki ne a baitinsa, kowa ya fi kowa. Za ka iya kiran kanka sarkin Arewa a waƙa, a tafa maka. Amma ranar da aka ji ka kana cewa "ai ni OG ne, a girmama ni", to ka zubar da rabin girman, don alama ce ta cewa babu mai faɗa maka sai ka faɗa da kanka.

Tsarin ba baƙo ba ne a wurinmu. A kiɗan gargajiya yaro yakan yi shekaru yana amshi ko yana riƙe da ganga a bayan ubangidansa kafin ya kafa tasa ƙungiyar, kuma ko ya fi ubangidan suna, ba ya fasa ambatonsa. Kowa ya san wa ya koya wa wa. Abin da hip-hop ɗin Hausa ya rasa ke nan, kuma ba don babu na farko ba.

Na farkon suna nan. A Yamai, tun ƙarshen shekarun 1990 ƙungiyoyi irin su Lakal Kaney da Kaidan Gaskiya da Wass Wong suna rera gambarar zamani da Hausa da Zabarmanci da Faransanci, lokacin da yawancin matasan Kano ba su ma ɗauka Hausa za ta hau irin wannan kiɗa ba. A Kano kuma, waɗanda suka yi harkar a shekarun 2000 sun yi ta ne a ƙarƙashin inuwar waƙoƙin fim, wato na nanaye, waɗanda su ke da kasuwa da gidajen rediyo da 'yan mata. Mai wando burgujeje da hula a juye kallon ɗan iska ake masa, har a gidansu. Daga 2007, da hukumar tace fina-finai ta jihar ta tsananta a ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim, matsin ya kai ga mawaƙa ma. Nazir Ahmad Hausawa, wanda aka fi sani da Ziriums, ya yi waƙar "Girgiza Kai" yana sukar wannan matsi, kuma tana cikin waƙoƙi 11 da wata kotu ta haramta a Kano a 2009. Daga baya ya koma Amurka da zama. Irin waɗannan su ne suka sha ranar.

Inuwar ta zo ne daga baya. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, shirin hip-hop da Aminu Abba Umar, wato Nomiiss Gee, ke gabatarwa ya shigar da mawaƙan cikin falon gidaje, har iyaye suka fara ganin fuskokinsu. Wayoyi masu intanet suka yi araha. Su Morell da ClassiQ da DJ AB da Deezell da BOC Madaki suka samu masu sauraro da na gabansu ba su taɓa mafarki ba. Yanzu har su ma yaran TikTok sun fara ce musu OG, wanda ke nuna yadda kalmar ke sauka zuwa ƙasa duk bayan 'yan shekaru.

To me ya sa yaron nan na ƙofar situdiyo bai san ko baiti ɗaya na wanda ya miƙe wa ba? Ba rashin kunya ba ne, kuma ba lalaci ba ne. Waƙoƙin ne babu su. A wancan zamani mawaƙi zai tara kuɗi ya biya situdiyo, a ƙona masa waƙa a faifan CD guda biyu ko uku. Ɗaya ya kai gidan rediyo, ɗaya ya kai wa masu tura waƙa a waya a kasuwar Farm Centre ko bakin Bata, su kuma su riƙa zuba wa mutane a memori kan 'yan nairori. Daga nan sai Bluetooth, daga wannan waya zuwa waccan. Waƙa takan zagaye gari ba tare da sunan mai ita ba, wani lokaci ma mai turawa ya laƙaba mata sunan wani da ya fi kasuwa. Babu kwanan wata, babu sunan wanda ya haɗa kiɗa. Wayar ta faɗa ruwa, memorin ya ci bairos, faifan ya karce, kwamfutar situdiyo ta mutu da komai a cikinta. Shafukan intanet da suka ɗora wasu daga ciki sun rufe da aka daina biyan kuɗinsu. Na san wanda ya yi waƙa sama da talatin a waɗannan shekaru, yau guda huɗu ke hannunsa, su ma wani tsohon masoyinsa ne ya turo masa ta WhatsApp.

Abin mamaki, Mamman Shata da ya rasu a 1999 ya fi wasu mawaƙan 2006 sauƙin samu, domin gidajen rediyo sun ajiye shi, 'yan kasuwa sun buga kaset-kaset, malaman jami'a sun rubuta a kansa, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Mai hip-hop na farko bai cika samun ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Shi ya sa girman OG a wurinmu ya dogara kacokan kan baki: wane ya ce wane ne ya fara. Abin da ya dogara kan baki kuwa, mai ƙarfin murya ke cinye shi. Duk gardamar "wa ya fara hip-hop da Hausa" da ke tashi a Facebook lokaci-lokaci daga nan take samo wuta, kowane gari da nasa na farkon, kuma babu faifan da za a ɗora a raba gardama.

Ko a can inda abin ya samo asali ba a tsira ba. DJ Kool Herc, wanda bikin da ya yi wa kiɗa ranar 11 ga Agusta 1973 a unguwar Bronx ta New York ake ɗauka a matsayin haihuwar hip-hop, ya kwanta rashin lafiya a 2011 ba shi da inshorar asibiti, sai da aka yi masa karo-karo, alhali harkar da ya assasa tana juya biliyoyin daloli. Irin wannan ne ya sa suke yawan maganar ba mutum furanninsa tun yana iya shaƙar ƙamshinsu, wadda yaranmu ma suka ara, ko da yake mu ba mu da al'adar kai wa kowa fure, mai rai ko mamaci.

Akwai kuma fuskar kalmar da ba a cika faɗa ba. Wani lokaci "OG" sallama ce cikin ladabi. In yaro ya ce maka "OG, ai ku kun yi naku", yana nufin ka matsa gefe. Za a kira ka dandamali a miƙa maka allon yabo, a ɗauki hoto, amma ba za a sa ka cikin jerin masu waƙa a biya ka ba. Wasu manyan su ma suna da nasu laifin: suna son a durƙusa musu, a sa su a waƙa kyauta, alhali ba su taɓa zaunar da yaro sun gyara masa baiti ko sun haɗa shi da mai kiɗa ba.

Mutumin nan mai babur, daga baya na ji abin da ya kawo shi. Ba waƙa ya zo ɗauka ba. An ce masa mai situdiyon ya gaji wata tsohuwar kwamfuta daga wani situdiyo da ya rufe, shi ne ya zo a duba masa ko waƙoƙinsa na ciki. Suka shafe kusan awa biyu suna buɗe fayil-fayil masu suna "track 1" da "track 1 new". An samu guda biyu, ɗaya ma rabi ce. Ya sa aka tura masa a waya, ya fito ya zauna a kan babur ɗinsa ya saurare su da abin kunne, yaran suna tsaye suna kallonsa, babu wanda ya ce a sa a lasifika.