Sunayen wurare da na gaɓar teku a Nis, tsibirin Lewis

Nis yanki ne a can ƙarshen arewacin tsibirin Lewis, a yammacin Sikotland, kuma yana ƙarƙashin gundumar cocin Barabhas. Har yau da yawa daga mutanen wurin da harshen Galik suke magana, sana'arsu noma kaɗan, kiwon tumaki, sai kamun kifi da suka gada, kuma kusan duk wani dutse ko lungu da ke bakin tekunsu yana da sunansa, wasu suna kan taswira, da yawa kuwa a bakin tsofaffi kawai suke.

Sunayen nan harsuna biyu ne suka haɗu a ciki, Galik da tsohon harshen mutanen Norwe. Mutanen Norwe na dā, waɗanda ake cewa Viking, sun zauna a tsibiran nan ɗaruruwan shekaru, sai a 1266 ne yarjejeniyar Perth ta mayar da tsibiran hannun Sikotland, amma sunayen da suka raɗa ba su tafi ba. Masani Magne Oftedal ya bi sunayen ƙauyukan Lewis 126 a binciken da ya fitar a 1954, ya ce 99 daga cikinsu tushensu Norwe ne. Suaineabost da Tàbost misali ne, wannan bost ɗin na ƙarshe gona yake nufi. Shi kansa Nis ɗin ma haka, tsinin ƙasa ne da ya kutsa cikin teku.

A bakin ruwa ne dai abin ya fi yawa, kuma nan ne ya fi muhimmanci. Geodha siririn lungu ne da teku ya ci tsakanin duwatsu, sgeir dutse ne da ke leƙowa a cikin ruwa, bodha kuwa a nutse yake sai igiyar ruwa ta fashe a kansa sannan ka san yana nan, to masuncin da bai san sunayen nan da inda suke ba ai ransa yake wasa da shi, shi ya sa uba ke koya wa ɗa tun yana ƙarami a cikin kwale-kwale. A Rubha Robhanais, ƙarshen tsibirin, akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta jan bulo da aka gina a 1862, kusa da nan ga Dùn Èistean, wani ɗan tsibiri mai kufan tsohuwar ganuwa da ake dangantawa da zuriyar dangin Morrison, can nesa kuma wajen mil 40 a arewa ga Sula Sgeir inda mazan Nis ke zuwa kamun 'ya'yan wani tsuntsun teku da suke kira guga.

Rubuta sunayen a hukumance ya kankama ne wajen 1850, lokacin da ma'aikatan hukumar taswira ta Ordnance Survey suka auna Lewis. Suna da littafi na musamman, a rubuta sunan, da yadda mutane daban daban suke rubuta shi, da wanda ya ba da shaida, da ɗan bayanin wurin. Aiki ne mai kyau gaskiya, sai dai yawancin masu awon ba su jin Galik, kuma taswira ba ta iya ɗaukar kowane ƙaramin dutsen da ake tsayawa a jefa ƙugiya. A 1951 Jami'ar Edinburgh ta buɗe makarantar nazarin al'adun Sikotland, aka fara naɗar muryoyin mutane, wanda hakan ya fi don ana jin yadda ake furta sunan.

Amma a ganina aikin da ya fi tasiri shi ne na mutanen gari da kansu. A 1977 suka kafa ƙungiyar tarihi ta Comunn Eachdraidh Nis, suka shiga tattara labarai da hotuna da sunaye daga bakin dattawa, saboda kamun kifi da ƙananan jirage ya ja baya sosai, matasa ba sa bin gaɓar kamar dā, kuma dattijo ɗaya in ya rasu ba a zauna da shi da taswira ba to akwai sunayen da ba wanda zai sake faɗarsu.