Zama cikin jirgin ruwa mai tafiya da iska: tambayoyi da amsoshi kan tashar Las Palmas

A birnin Las Palmas da ke tsibirin Gran Canaria, ɗaya daga cikin tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya waɗanda ke daura da gaɓar Maroko, akwai tashar ƙananan jiragen ruwa mai ɗaukar jirage fiye da 1,000. Wasu daga cikin masu jiragen nan ba su da wani gida a tudu, domin a cikin jirgin suke kwana, a nan suke girki, a nan kuma suke renon 'ya'yansu.

Su wane ne waɗannan mutane, kuma me ya tara su a wuri ɗaya?

Akasarinsu Turawa ne daga Ingila da Jamus da Faransa da ƙasashen arewacin Turai. Akwai ma'auratan da suka yi ritaya suka sayar da gida suka sayi jirgi, akwai masu aiki ta intanet, akwai kuma iyalan da ke koyar da yaransu karatu da kansu. Abin da ya tara su shi ne Las Palmas zango ce ta ƙarshe ga mai niyyar ƙetare Tekun Atlantika zuwa yankin Karibiyan. Tun daga 1986 ake shirya wata tafiyar ayari mai suna ARC, wadda Jimmy Cornell ya assasa, inda jirage wajen 200 suke tashi tare a ƙarshen watan Nuwamba, su nufi tsibirin Saint Lucia, tafiyar mil 2,700 na teku, wato kimanin kilomita 5,000. Wanda ya san yadda fatake suke taruwa a zango suna gyara mangala da ɗinke salka kafin madugu ya ba da umarnin tashi, ba zai yi mamakin yadda tashar take kasancewa a watan Oktoba da Nuwamba ba.

Yaya cikin jirgin yake?

Jirgin da aka fi gani tsawonsa mita 11 zuwa 14 ne, faɗinsa kuwa wajen mita 4 ne. A cikin wannan ɗan wuri ake da ɗakin kwana biyu ko uku, da madafa, da makewayi, da teburin cin abinci. Murhun gas ɗin rataye yake a kan ƙarfe mai lilo domin tukunya ta tsaya daidai ko da jirgin ya karkata, kuma kowace ƙofar kabad tana da sakata. Babban abin da ke gallabar mazauna ciki shi ne danshi, wanda ke sa tufafi da katifa su yi funfuna idan ba a shanya su a kai a kai ba.

Ina suke samun ruwan sha da wutar lantarki?

Muddin jirgi yana ɗaure a jikin gadar tasha, sai a ja tiyo a cika tanki, a kuma jona waya a samu wuta, a biya kuɗinsu. Da zarar an bar gada kuwa, komai ya koma lissafi. Tankin ruwa yakan ɗauki 'yan ɗaruruwan lita ne kawai, saboda haka da ruwan teku ake fara wanke kwanuka, sannan a ɗauraye su da ruwan daɗi kaɗan. Wasu suna da injin tace gishiri daga ruwan teku, amma mai hankali ba ya kunna shi a cikin tasha, domin man da manyan jirage ke zubarwa yana lalata matatar. Wuta kuma daga batura take, waɗanda faifan sola ko injin jirgin ke cikawa, kuma firji ne ya fi kome shanye ta.

Wanne ya fi, ɗaure jirgi a gada ko sakin anka a fili?

Nan ne ra'ayi ya rabu. A gada akwai kwanciyar hankali, amma ana biyan kuɗi gwargwadon girman jirgi, kuma jirage a jere suke kafaɗa da kafaɗa, ba abin da ya raba su sai 'yan balan-balan na roba da ake ratayawa don kada su gogi juna. Tarin maƙwabci ma ana ji. Idan lokacin ARC ya matso, akan nemi jiragen da ba sa cikin ayarin su ba da wuri, sai da yawa su koma mashigin da ke gaban rairayin Alcaravaneras su saki anka, wato ƙugiyar ƙarfen da ke kama ƙasan teku ta tsayar da jirgi.

Zaman anka ya fi arha kuma ya fi sarari, sai dai yana buƙatar sani. Ana sakin sarƙa mai tsawon ninki huɗu ko biyar na zurfin ruwan, domin anka ta ja a kwance ta kama ƙasa. Jirgin kuwa yana juyawa kewaye da ankarsa duk lokacin da iska ta sauya, don haka wanda ya zo daga baya shi ke da alhakin barin tazara, kuma idan aka matsu shi ne zai ɗaga. Ga shi kuma tashar tana maƙwabtaka da Puerto de la Luz, inda manyan jiragen kwantena da na dakon mai ke shige da fice dare da rana, ga ƙarar injuna, ga igiyar ruwan da suke tayarwa. Duk abin da ake bukata daga gari, ko burodi ne, sai an hau ƙaramin kwalekwalen roba an je an ɗauko. A ganina, wanda bai taɓa tashi da tsakar dare cikin iska ya duba ko ankarsa ta sake ba, gara ya biya kuɗin gada.

Yaya zamantakewa take tsakanin mutanen da yau suna nan gobe sun tafi?

Abin mamaki, ta fi ta unguwannin birane da yawa ƙarfi, saboda kowa ya san gobe shi ma zai nemi taimako. Idan sabon jirgi yana shigowa, duk wanda ke kusa yakan miƙe ya karɓi igiya ba tare da an roƙe shi ba. Ana aron sifana, ana musayar littattafai da taswira, mai sanin lantarki ya duba wa mai sanin ɗinki batir, shi kuma ya ɗinke masa filafilin jirgi. Akwai ladubban da ba a rubuce suke ba: ba a hawa jirgin wani sai an ƙwanƙwasa jikinsa an sami izini, ana tuɓe takalmi, kuma ana ɗaure igiyoyin jigo, wato dogon sandan da ke ɗauke da filafili, tamau don kada su kwana suna bugun ƙarfe su hana jama'a barci.

A makon ƙarshe kafin tashi, gadojin sukan cika da kayan abinci. Za ka ga mutum a durƙushe da bokiti yana wanke lemo da dankali ɗaya bayan ɗaya, yana shanya su a rana, ya kuma zubar da kwalin tun a kan gada, domin a cikin kwali kyankyaso ke yin ƙwai, kuma idan ya shiga jirgi fitar da shi aiki ne ja. Daga nan sai a zuba kayan marmari a raga a rataye, inda iska za ta riƙa ratsa su. A daidai lokacin ne kuma matasa masu neman a rage musu hanya zuwa Karibiyan suke bin jirage suna tallar kansu, wannan ya ce ya iya girki, wancan ya ce zai yi tsaron dare.

Shin wannan rayuwa ta fi zaman gida arha?

Ba lallai ba ne. Kuɗin haya ya ragu, amma gishiri ba ya barin ƙarfe ko waya su zauna lafiya. Kusan kowace shekara ko biyu sai an ɗaga jirgin daga ruwa an kankare ƙwarin teku da gansakukar da suka manne a ƙasansa, a shafa fenti na musamman. Ga inshora, ga sauya wayoyin da ke riƙe da jigo bayan kimanin shekara goma. Wanda bai iya gyara da hannunsa ba, aljihunsa zai gaya masa.

Doka ta yarda mutum ya zauna iya son ransa?

A'a. Tsibiran Kanari suna cikin yankin Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyakokinsu, inda baƙon da ba ɗan Tarayyar Turai ba ne kuma ba shi da takardar zama ba zai wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180 ba, kuma tun da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai wannan ƙa'ida ta hau kan 'yan ƙasarta. Jirgin da ya iso daga wata ƙasa yakan ɗaga tuta rawaya har sai jami'ai sun duba takardunsa.

Me ya sa sai Nuwamba ake tashi?

Saboda lokacin mahaukaciyar guguwa a Atlantika yana farawa ne ranar 1 ga Yuni ya ƙare ranar 30 ga Nuwamba, kuma a daidai ƙarshensa ne iskar arewa maso gabas take daidaita, ta riƙa tura jirgi ta baya. Wannan iska dangin wadda ke kawo mana hunturu ce, amma idan iska ta juyo daga gabas ƙurar Sahara takan rufe sararin tsibiran, abin da mutanen wurin ke kira calima, a wayi gari jirage sun yi ja, faifan sola ya dushe sai an goge. Matuƙa sukan fara yin kudu zuwa wajen tsibiran Cape Verde kafin su juya yamma, kuma jirgin da ke cin mil 130 zuwa 150 a yini da kwana yakan isa Saint Lucia cikin kusan mako uku.