Shin a Yankari kaɗai doka ta kare namun daji?

Jama'a tun muna yara a Bauchi muke jin ana cewa wai dokar namun daji iyakarta Yankari, in dai fili naka ne to duk dabbar da ka tarar a ciki taka ce. Ba laifin kowa ba ne, a Yankarin ne aka saba ganin masu gadin daji.

Amma gaskiya dokar tana bin dabbar ne duk inda take. Tun 1963 Arewa ke da dokar namun daji, sannan a 1985 gwamnatin tarayya ta yi wata da ta kasa su gida biyu, akwai waɗanda aka hana farautarsu ko kama su ko cinikinsu kwata-kwata, irin su zaki da damisa da ayu, akwai kuma waɗanda sai da lasisi. Takardar fili izinin amfani da ƙasa ce kawai, ba lasisin kashe dabba a cikinta.

Manyan ayyuka kuwa irin su dam ko babban titi, dokar 1992 ta ce sai an binciki illarsu ga muhalli kafin a saka katafila, kuma namun dajin wurin na cikin abin da ake dubawa.

In kana sharar fili ka ci karo da dabbar da ba ka gane matsayinta ba, dakata tukuna, je ka tambayi malamin daji a ƙaramar hukumarku. Wanda ya ce maka doka ta yarda, tambaye shi wace doka, ta wace shekara, ka nemo ta a intanet ka duba jerin sunayen da kanka.

Don Allah a tura wa magina da manoma da 'yan uwa mafarauta.