Diyyar raunin hatsarin mota: me ake biya, kuma wa ke biya?

Mota ta bugi mutum, ƙafarsa ta karye, ya yi watanni bai fita nema ba. Direba ya zo asibiti ya yi jaje, har ya biya kuɗin magani. Da yawa a nan suke ɗauka magana ta ƙare. A wurin doka kuwa da sauran rina a kaba, domin kuɗin magani yanki ne kawai na diyyar rauni.

Manufar diyya ita ce a mayar da mutum, gwargwadon abin da kuɗi zai iya, kan halin da zai kasance da hatsarin bai auku ba. Ba tara ba ce ta hukunta direba. Wannan aikin 'yan sanda ne da kotun laifi. Shi ya sa za a iya wanke direba daga laifin tuƙin ganganci amma a ce ya biya diyya. A shari'ar laifi sai an kawar da duk wani shakku mai ma'ana, a ta diyya kuwa rinjayen hujja ya isa.

A ƙasashen da ke bin tsarin shari'a irin na Ingila, mai ƙara ne zai nuna cewa direban ya yi sakaci, kuma sakacin nan ne ya jawo raunin. Sashe na biyun ne ya fi tayar da jayayya. Wanda yake da tsohon ciwon baya zai ji lauyan kamfanin inshora yana cewa ai ciwon ya riga hatsarin. Amma doka ba ta bar shi haka ba: mai sakaci zai ɗauki wanda ya buga a yadda ya same shi. In ƙashin mutum ba shi da ƙwari, bugun da zai bar wa wani kumburi ya karya shi, karayar za a biya.

Abin da ake biya kashi biyu ne. Akwai wanda ake iya lissafawa da rasit: kuɗin asibiti, magani, gashin ƙashi, kuɗin zirga-zirgar ganin likita, albashi ko cinikin da aka rasa. Har jinyar da 'yan uwa suka yi kyauta kotunan Ingila suna sa mata kuɗi, abin da mutane da dama ba sa tunanin nema. Akwai kuma wanda ba shi da rasit: zafin ciwo, tabon fuska, firgicin da ke hana mutum sake shiga mota, rasa abin da yake jin daɗin yi a da. A nan alƙalai kan duba abin da aka bayar a shari'o'in baya masu kama da wannan.

A mummunan rauni, mafi yawan kuɗin yana cikin asarar gaba. Ɗauki mutum biyu da kowanne ya rasa yatsu biyu na hannun dama. Ɗaya likitan tiyata ne, ɗaya malamin makaranta. Zafin ciwonsu kusan ɗaya ne, kuma abin da za a ba su a kansa ba zai yi nisa da juna ba. Amma malamin zai koma aji, likitan kuwa ya yi sallama da wuƙar aiki ke nan. Sai a ɗauki abin da yake samu a shekara, a cire abin da zai iya samu a wani aikin, a ninka da shekarun aikin da suka rage masa, sannan a daidaita adadin saboda a dunƙule zai karɓa tun kafin lokaci. Haka ake lissafa ƙafar roba da za a riƙa sauyawa, da keken guragu, da mai jinya.

Idan wanda aka ji wa ciwo shi ma yana da nasa sakacin fa? A Ingila, kafin 1945, wannan kan rushe ƙarar gaba ɗaya. Dokar da aka yi a shekarar ta mayar da shi ragi gwargwadon laifi. A 1975 kotun ɗaukaka ƙara ta ƙasar ta shimfiɗa ma'auni kan rashin ɗaura bel: a rage kashi 25 cikin ɗari in da bel ɗin zai hana raunin baki ɗaya, kashi 15 in da zai rage shi kawai. Irin wannan ragin yana hawa kan mai babur da bai sa hular kwano ba.

A ƙasashe irin su Birtaniya, kusan ko da yaushe kamfanin inshora ne ke biya, ba aljihun direba ba. Birtaniya ta wajabta inshorar da ke biyan wanda aka ji wa rauni tun 1930, a 1946 kuma kamfanonin inshorarta suka kafa hukumar da ke biyan wanda motar da ba ta da inshora ta buge. Daga baya aka haɗa da wanda direba ya buge ya gudu.

Wasu ƙasashen sun gaji da jayayyar laifin wa. Dokar Faransa ta 1985 tana biyan mai tafiya a ƙasa da mai keke da fasinja ko da sun yi kuskure, sai in kuskuren ya wuce uzuri kuma shi kaɗai ya jawo hatsarin. Ta kuma tilasta wa kamfanin inshora yin tayi cikin wata takwas. New Zealand ta wuce nan: tun 1974 asusun gwamnati ke biya, har kashi 80 cikin ɗari na abin da mutum yake samu, amma an toshe hanyar kai ƙarar neman diyyar rauni.

Inda na ga an fi yin asara shi ne tayin farko da kamfanin inshora ke yi. Mutum yana kwance, bashi ya taru, sai a kawo masa kuɗi da takardar sa hannu. Galibi takardar tana cewa an biya shi duka, ba zai sake neman komai ba. In bayan shekara gwiwar ta buƙaci wani aikin, ba mai saurarensa. Kada a sa hannu kafin likita ya rubuta inda ciwon zai tsaya, kuma wanda ke cikin matsi yana iya neman a ba shi wani kaso na wucin gadi yayin da ake jiran rahoton.

Sai dai jiran yana da iyaka. A Ingila wa'adin shigar da ƙara shekara uku ne daga ranar hatsarin ko ranar da mutum ya gane raunin nasa. Ga yaro ba ya fara ƙirga sai ya cika shekara 18. Kowace ƙasa da nata wa'adin, kuma yawanci musayar wasiƙa da kamfanin inshora ba ta dakatar da shi, sai an shigar da takarda a kotu.