Waiwaye: Yadda karatun lokacin korona ya yaye labulen gidajen yara marasa galihu

A ƙarshen watan Agustan 2020 wani hoto daga garin Salinas na jihar Kalifoniya a Amurka ya karaɗe kafafen sada zumunta. Yara mata biyu ne zaune a ƙasa a bakin wani shagon sayar da abinci na Taco Bell, da kwamfutocin makaranta a gabansu, suna cin moriyar intanet ɗin kyauta na wurin don su yi aikin da aka ba su. Tausayi ne ya sa aka yaɗa hoton, har da 'yan siyasar yankin a cikin masu yaɗawa, kuma tausayin ya yi rana: hukumar makarantar ta ba gidan na'urar raba intanet, jama'a suka tara sama da dala 100,000. Sai dai cikin 'yan kwanaki mutanen da ba su taɓa ganin uwar yaran ba suka hau yanke mata hukunci, kuma rahotanni sun ce jami'an kula da walwalar yara sun bi sawun iyalin da bincike. Taimako ya zo, amma farashinsa shi ne duniya ta san halin da gidan yake ciki, kuma babu wanda ya tambayi yaran ko sun amince.

Wannan lamari yana da asali, kuma asalin ya girmi annobar korona da shekaru masu yawa.

A ƙarshen 2002 wani yaro ɗan sakandare a lardin Kebek na Kanada ya ɗauki kansa a bidiyo yana wasa da sanda a ɗakin ɗaukar hoto na makaranta, ya manta kaset ɗin a can. 'Yan ajinsu suka tsinta suka ɗora a intanet a 2003. Miliyoyin mutane suka kalla suna dariya, yaron ya daina zuwa makarantar, iyayensa suka kai ƙara kotu. A lokacin babu YouTube, babu Facebook. A 2005 kuma aka ɗauki hoton wata matashiya a jirgin ƙasa a Koriya ta Kudu bayan ta ƙi kwashe kashin karenta, cikin kwanaki kaɗan masu bincike na sa-kai suka tono ko wace ce. Tun daga nan tsarin tonon silili bai canja ba: a ɗauki daƙiƙa ɗaya ta rayuwar mutum, a raba ta da abin da ya gabace ta da abin da ya biyo baya, a miƙa wa taron da bai san shi ba. Magana zarar bunu ce, hoto kuwa ya fi ta, domin kowa yana iya adana nasa kwafin.

Ta ɓangaren makaranta ma an ga alama tun da wuri. A 2010 aka gano cewa hukumar makarantun Lower Merion a jihar Fensilbeniya ta Amurka ta raba wa ɗaliban sakandare kwamfutoci ɗauke da manhajar neman na'urar da aka sace, wadda idan an kunna ta take ɗaukar hoto da kyamara duk bayan minti 15. An tara hotuna sama da 50,000, wasu a cikin ɗakunan kwanan yara. Asirin ya tonu ne da aka tuhumi wani ɗalibi da hoton da aka ɗauka yana cikin ɗakinsa. Hukumar ta biya dala 610,000 aka rufe shari'a. Kunyata yaron talaka a gaban 'yan'uwansa kuwa ya fi kwamfuta tsufa. A wasu makarantun Amurka ana buga wa yaro hatimi a hannu, ko a karɓe farantin da aka riga aka zuba masa, idan iyayensa ba su biya kuɗin abincin rana ba, har sai da jihar New Mexico ta yi dokar hana wannan a 2017.

Dokoki ba su yi ƙaranci ba. Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta ce a sashe na 16 kada a kutsa wa yaro cikin sirrinsa da gidansa da mutuncinsa, a sashe na 28 kuma ta ba shi haƙƙin ilimi. Amurka tana da dokar COPPA ta 1998 da ta wajabta neman izinin iyaye kafin a tattara bayanan yaron da bai kai shekara 13 ba. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018, ta sa shekarun amincewa a 16, ta bar wa ƙasashe damar saukowa zuwa 13. Duk waɗannan an rubuta su ne da tunanin cewa iyaye suna iya cewa a'a. Ba a yi tanadin ranar da cewa a'a za ta zama daidai da cire yaro daga makaranta ba.

Ranar ta zo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annoba ranar 11 ga Maris 2020, kuma zuwa Afrilu hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa rufe makarantu ya shafi ɗalibai kusan biliyan 1.6 a ƙasashe sama da 190. Ma'aikatun ilimi suka rungumi duk manhajar da ta zo hannu cikin makonni. Kamfanin Zoom, mai manhajar yin taro ta bidiyo, ya ce masu shiga taro a manhajarsa a kullum sun tashi daga miliyan 10 a Disamban 2019 zuwa miliyan 300 a Afrilun 2020. Manhaja ce da aka gina don taron ma'aikata manya, sai ga ta cike da 'yan firamare.

Matsalar farko ta masu kutse ce. Lambar shiga taro ba ta wuce alƙaluma 9 zuwa 11 ba, kuma da farko yawancin azuzuwa ba su da lambar sirri, don haka wanda ya samu adireshin, ko ya canka, ya shiga. Wasu malaman sukan liƙa adireshin a shafin makaranta da kowa ke gani, wasu lokutan ɗalibai ne ke ba abokai don wasa. A ƙarshen Maris ofishin hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, na birnin Boston ya yi gargaɗi, a Afrilu makarantun birnin New York suka dakatar da amfani da Zoom, Singafo ma ta yi haka bayan wasu maza sun faɗo cikin wani darasi suka nuna hotunan batsa. Wannan ɓarakar an toshe ta da sauri, domin gyaranta na saiti ne: lambar sirri ga kowane darasi, ɗakin jira inda malami ke shigar da yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu na rajista, malami kaɗai ke da ikon nuna abu a allo, a kulle taron idan kowa ya shigo.

Abin da saiti bai gyara ba shi ne kyamarar kanta. Makarantu da yawa sun kafa dokar cewa dole kowane yaro ya kunna tasa, don a tabbatar yana nan. Ga yaron da ke da ɗakinsa da tebur, ba komai ba ne. Ga wanda su bakwai ne a ɗaki ɗaya, ko yake zaune a matsugunin marasa gida, ko yake goye da ƙaninsa don uwa ta fita nema, ko ake rigima a bayansa, umarnin yana nufin ya buɗe wa yara talatin abin da ya daɗe yana rufewa. Kayan makaranta iri ɗaya da benci iri ɗaya sun kasance rufin asiri ga irin wannan yaro, kyamara ta yaye shi. Kuma babu saitin da ke hana ɗan aji ɗaukar hoton allon da wata wayar ya tura wa abokai. Sau da yawa ana cewa ai sai yaro ya sa hoton bango na bogi ya ɓoye ɗakin. Wannan yana buƙatar na'ura mai ƙarfi, tsofaffin wayoyi da ƙananan kwamfutoci ba sa iya ɗaukarsa, wato waɗanda suka fi bukatarsa su ne ba su da shi.

Ga kuma lissafin data. Bidiyon da ke cin megabit ɗaya a daƙiƙa yana lashe kimanin megabayit 450 a awa. Darasin awa huɗu ya doshi gigabayit biyu a wuni, ga yaro ɗaya. Murya kaɗai ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Saboda haka yaron da ya kashe kyamara wataƙila tattalin data yake yi don ƙanwarsa ma ta samu shiga nata darasin a waya guda, amma a rajista sai a rubuta bai halarta ba.

Daga nan ne lamarin ya tashi daga kunya ya koma hukunci. A Mayun 2020 wata alƙaliya a jihar Mishigan ta Amurka ta tura yarinya 'yar shekara 15 gidan tsare kangararrun yara, bisa cewa rashin yin aikin makaranta ta intanet ya saɓa sharaɗin sakin talalar da aka yi mata. Yarinyar tana da lalurar ƙarancin natsuwa, kuma tallafin da take samu a aji ya yanke da aka rufe makaranta. Sai da kafar ProPublica ta bankaɗo labarin a Yuli kotun ɗaukaka ƙara ta sa aka sake ta. A jihar Massachusetts jaridar Boston Globe ta ruwaito cewa makarantu sun kai ƙarar iyaye wurin hukumar kula da yara saboda 'ya'yansu ba sa shiga darasi. A Satumba aka dakatar da wani ɗan shekara 9 a Luwiziyana na kwana shida don malama ta hango bindigar wasa mai harba ƙananan ƙwallaye a ɗakinsa yayin da yake rubuta jarrabawa, aka ɗauki ɗakin kwanansa tamkar harabar makaranta. Majalisar jihar ta yi doka daga baya da ta tilasta wa makarantu rubuta ƙa'idojin ladabtarwa na musamman ga karatun intanet. A Massachusetts da Luwiziyana babu gidan da ya gayyaci hukuma. Kyamara da rajistar shiga ne suka shigo da ita.

Akwai kuma leƙen da ba a gani. A Mayun 2022 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da binciken manhajoji da shafukan karatu 164 da gwamnatoci 49 suka amince da su lokacin annobar. Ta ce 146 daga ciki, kashi 89 cikin ɗari ke nan, suna bibiyar yara ko suna da damar yin haka, kuma bayanai suna tafiya ga kamfanoni 196, yawancinsu na talla. Yadda abin ke aiki ba shi da wuyar fahimta: manhaja takan karanta lambar talla da ke cikin kowace waya, wadda masu talla ke gane wayar da ita, wasu su nemi izinin sanin inda mutum yake ko ganin lambobin da ke wayarsa, sannan ƙananan manhajojin wasu kamfanoni da aka dasa a cikinta su aika abin da aka samu. A 2023 hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka, FTC, ta ci tarar kamfanin manhajar karatu na Edmodo dala miliyan 6 kan amfani da bayanan yara wajen talla. A nan ma nauyin ba ɗaya ba ne. Kwamfutar da makaranta ta bayar takan zo da manhajar sa-ido da ke ganin abin da yaro ya bincika da abin da ya rubuta, wani lokaci har da dare. Mai hali yana rufe ta ya ɗauki tasa ta gida. Wanda ita kaɗai gare shi, da ita yake neman bayani kan ciwonsa da damuwarsa.

Dole a faɗa cewa yawancin yaran duniya ba su ma kai ga wannan matsalar ba. UNICEF ta ce aƙalla yara miliyan 463 ba su samu kowane irin karatu daga nesa ba, kuma rahotonta da hukumar sadarwa ta ITU a ƙarshen 2020 ya nuna biyu cikin uku na yaran da suka isa makaranta, biliyan 1.3, ba su da intanet a gida. Yuganda ba ta buɗe makarantu gaba ɗaya ba sai Janairun 2022. Inda aka koma ga rediyo da talabijin, kamar yadda Saliyo ta yi tun lokacin Ebola a 2014 da yadda Meziko ta yi a 2020, malami ba ya jin tambayar yaro, wannan rashi ne babba. Amma rediyo ba ya kallon ɗakin kowa. Waɗannan yaran ta wata ƙofa aka tona su: hotunansu a kan bishiya ko tsauni suna neman sabis, waɗanda aka yi ta yaɗawa don neman tallafi.

Mai son taimakawa da irin wannan hoton yana da abubuwan dubawa kafin ya danna turawa. Rufe fuska bai wadatar ba idan bajen makaranta, allon shago, lambar mota ko sunan titi suna nan, domin maƙwabta za su gane cikin minti ɗaya. Hoton waya yakan ɗauki wurin da aka ɗauke shi a cikin fayil ɗinsa, manyan kafafe suna gogewa daga abin da jama'a ke gani, amma idan aka tura fayil ɗin kai tsaye ta imel yana nan. Izinin uwa ko uba wajibi ne, a tambayi yaron shi ma, kuma izinin wanda ke cikin tsananin bukata yana da rauni, don haka a bayyana masa cewa taimakon ba ya rataye a kan hoton. Hanya mafi gajarta sau da yawa ita ce a kira makarantar, tunda ita ke da na'urar da za a bayar.

Su kuma makarantu, abin da aka koya da wahala shi ne a raba tabbatar da halarta da kunna kyamara: amsa ta murya, saƙo a akwatin hira, ko aikin da aka miƙa cikin awa 24 duk suna nuna yaro yana nan. Idan yaro ya ɓace kwana biyu ko uku, kiran waya a tambayi ko lafiya ya kamata ya riga duk wata takardar tuhuma. Idan za a naɗi darasi, a naɗi malami da allonsa kawai, a ajiye a asusun makaranta ba wayar malami ba, a sa ranar gogewa, misali ƙarshen zango. Kafin a karɓi kowace manhaja a tambayi kamfanin a rubuce: me kuke tattarawa, wa kuke ba, yaushe kuke gogewa.

Dokoki sun biyo baya a makare. Ƙa'idar Birtaniya ta tsara manhajoji daidai da shekarun yara ta fara aiki sosai a Satumban 2021, kuma a Maris na shekarar kwamitin haƙƙin yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da Sharhi na 25, wanda ya ce haƙƙin yaro a intanet daidai yake da na wajenta. A Turai, tun hukuncin kotun Tarayyar na 2014, mutum yana iya neman injin bincike ya cire sakamakon da ke fitowa da sunansa, GDPR kuma ta ƙarfafa wannan ga bayanan da aka tattara lokacin yana yaro. Cirewar tana aiki ne a kan sakamakon bincike da rumbun kamfanin da aka nema. Ba ta kai ga kwafin da ke cikin wayoyin tsofaffin 'yan aji ba, kuma yaran da ke aji shida na firamare a 2020 yanzu sun kai shekarun neman gurbin jami'a da neman aiki.